Wane Littafi Za Mu Sa a Hannun Yaro?

Kafin a shiga wannan darasi, bari shugaban taro ya sa a karanta Kubawar Shari'a 6:4-9 da Daniyel sura 1 da murya, domin kowa ya ji.

Sa'ad da Musa ya ba Isra'ila umarnin koya wa 'ya'yansu maganar Ubangiji, a wuyan iyaye ya rataya wannan aiki, ya ce su yi shi a zaune cikin gida da kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Manzo Bulus ya sake ɗora wannan kaya a kan ubanni cikin Afisawa 6:4. Timothawus kuwa tun yana jariri ya san Littattafai masu tsarki, gama bangaskiya ta fara zama cikin kakarsa Lo'is da uwarsa Afiniki. Babu mai bi da zai yi musun wannan. Amma da wane littafi za a koyar? Wane ne kuma zai zaɓa?

Waɗansu iyalai na masu bi sun ɗauki umarnin nan har suka riƙe 'ya'yansu a gida, uwa ko uba ya zama malaminsu, ɗakin zama ya zama aji. A ƙasar Amurka ne wannan al'ada ta fi ƙarfi. A 1975 Raymond Moore da matarsa Dorothy suka wallafa littafi suna gargaɗi kada a yi gaggawar raba ƙananan yara da gida. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiya domin kāre irin waɗannan iyaye a gaban shari'a, kafin ƙarshen 1993 kuwa dukan jihohi 50 na ƙasar sun yarda da karatun gida. Gwamnatinsu ta ƙiyasta yaran da ke karatu haka sun kai wajen 850,000 a 1999, suka kai kusan 1,800,000 a 2012. Ba kowace ƙasa ta yarda ba. Dokar Jamus ta hana.

Inda masu saye suka yi yawa, nan kasuwa take ci. Yau uwar da ta ƙudura za ta koyar da 'ya'yanta takan tarar da tsarin karatu iri iri, kowanne yana kiran kansa na Kirista. Akwai na ACE, wanda Donald Howard ya fara a jihar Texas a 1970: ƙananan littattafai ne da yaro zai bi shi kaɗai, ya cika gurabe, ya duba amsarsa, ya wuce gaba. Akwai Abeka na birnin Pensacola, mai ƙarfafa hadda da maimaitawa. Waɗannan biyu domin makarantun ekklesiya aka fara shirya su, daga baya suka shiga gidaje. Akwai Sonlight, wanda aka fara a 1990 domin 'ya'yan masu aikin bishara a ƙasashen waje, inda iyali ke karanta labarai da tarihi tare, har da waɗanda ba masu bi suka rubuta ba. Waɗansu suna bin hanyar Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, wadda ta ce a ba yaro littafi mai rai, ya karanta, ya faɗi abin da ya ji da bakinsa, a kuma fita da shi ya dubi tsuntsaye da itatuwa. Waɗansu kuma sun koma ga tsohon tsarin nahawu da hujja da iya magana, wanda Dorothy Sayers ta yi kira a farfaɗo da shi cikin wata lacca a Oxford a 1947.

Tambayarmu ke nan: in an rubuta sunan Almasihu a bangon littafi, ya isa iyaye su saki jiki? Amsarmu ita ce, bai isa ba. Amanar yaro a hannun uba da uwa take, mai buga littafi kuwa ba zai karɓe ta daga gare su ba. Ba a cinikin biri a sama. Bulus ya umarci Tassalunikawa su gwada kowane abu, su riƙe mai kyau, bai kuwa keɓe abin da ɗan'uwa ya kawo ba. Bari mu duba gwaji uku.

Gwaji na fari: gaskiya ne?

Allahnmu Allah na gaskiya ne, ba ya bukatar a kāre shi da ƙarya. Ayuba ya tsauta wa abokansa a kan wannan cikin sura 13, sa'ad da suke faɗin abin da ba daidai ba da nufin ɗaukaka Allah. Littafi yana iya cika da ayoyi a kowane shafi, lissafinsa kuwa ya zama rarrauna, tarihinsa ya karkata, ya ɓoye laifin mutanensa ya tona na waɗansu. A 2012 jaridun Birtaniya suka bayyana cewa wani littafin kimiyya na ACE ya kawo labarin dodon tafkin Loch Ness na ƙasar Scotland a matsayin hujja, ga shi kuwa ba a taɓa tabbatar da akwai wannan dodo ba. A 2013 aka ji an cire maganar daga sabon bugu, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a yi tunanin yaron da ya haddace ta yana ɗan shekara 14. Ran da ya gane ba gaskiya ba ce, me zai hana shi shakkar sauran abin da ya koya daga littafin nan, har da ayoyin da ke ciki? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun wajen shekara ta 400 Agustin, bishof na Hippo a Afirka ta Arewa, ya yi gargaɗi cewa Kiristan da ke faɗin shirme a kan taurari da dabbobi yana jingina shi ga Littafi Mai Tsarki, yana jawo wa Littafin ba'a a idon waɗanda suka san al'amarin.

Saboda haka uban da bai san kimiyya ba, kada ya ji kunyar kai littafin wurin ɗan'uwa malami ko likita cikin ekklesiya ya duba masa. Jiki ɗaya muke, ido ba ya ce wa hannu ba ya bukatarsa.

Gwaji na biyu: yana koya wa yaro rarrabewa?

Da yawa cikin iyayen da ke riƙe 'ya'yansu a gida, tsoro ne ya sa su, tsoron kuwa yana da dalili, gama sun ga abin da mugun aboki da muguwar koyarwa suke yi. Amma tsoro mugun mai ba da shawara ne wajen zaɓen littafi. Yakan ce a gina katanga, kada yaro ya ji wata murya sai tamu. Yaron kuwa zai girma, wata rana zai fita daga ƙofar gida ko muna so ko ba mu so.

Dubi Daniyel. An kwashe shi yana saurayi zuwa Babila, aka sa shi makarantar sarki shekara uku, aka koya masa harshe da littattafan Kaldiyawa, aka sāke masa suna. Bai ƙi karatun ba. Ya yi shi har sarki ya same shi da abokansa sun fi dukan masanan ƙasar sau goma. Abincin sarki ne ya ƙi. Watau ya san inda zai karɓa da inda zai tsaya. A ina ya koyi wannan? Lalle ba a Babila ba. Da shi ya zo daga Yahuza. Haka kuma Istifanus ya shaida an koya wa Musa dukan hikimar Masarawa, Bulus kuwa ya tsaya a Atina ya ja hankalin masu jinsa da maganar mawaƙansu. Agustin ya kamanta ilimin al'ummai da zinariyar da Isra'ila suka karɓa daga Masarawa daren fitowarsu. Mu tuna cewa cikin jejin nan an yi ɗan maraƙi da zinariya, an kuma yi kayan alfarwa ta sujada da zinariya. Zuciyar mai riƙe da ita ce ta raba aikin biyu.

Wani zai ce, ai Daniyel saurayi ne, ɗana kuwa shekararsa shida. Gaskiya ne, ba a ba jariri tuwo. Littafin Ibraniyawa 5:12-14 ya raba madara da abinci mai tauri, amma ya ce manya su ne waɗanda hankalinsu ya horu ta wurin yin aiki da shi, har suka iya rarrabe nagarta da mugunta. Horo kuwa sai da gwaji. Tsarin karatu mai kyau yakan tsare ƙaramin yaro, sa'an nan ya riƙa buɗe masa ƙofa kaɗan kaɗan, tun iyayensa suna kusa da za su amsa tambayarsa. Gara yaro ya fara jin gardamar marasa bi a gaban uwarsa, da ya fara jinta a jami'a inda ba mai taimakonsa. In littafi ba ya barin yaro ya yi kome sai cika gurbi da kalmar da aka riga aka ba shi, to, sai iyaye su ƙara nasu: su tambaye shi dalili, su bar shi ya yi tambaya, kada su mai da tambaya ta zama laifi.

Gwaji na uku: ya dace da wannan yaro, a wannan wuri?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaro ɗaya hadda take masa sauƙi, ƙanensa sai ya taɓa abu da hannu kafin ya gane. Babbar albarkar karatun gida ita ce malamin ya san ɗalibinsa. Wanda ya tilasta wa yara huɗu hanya ɗaya domin kuɗin da ya kashe a kan littattafai, ya zubar da wannan albarka.

Iyalin da ke nan ƙasarmu suna so su sayo irin waɗannan littattafai, su lura domin 'ya'yan Amurka aka rubuta yawancinsu. Lissafinsu da dala ne, tarihinsu na shugabannin Amurka, labaransu na dusar ƙanƙara. Yaron da ya san kogin Mississippi bai san inda Binuwai ta sadu da Kwara a Lokoja ba, an mai da shi baƙo a ƙasar da Allah ya sa shi. Zai kuma zauna jarrabawar WAEC ko NECO wata rana. Dokar Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun tushe na shekara tara, mai bi kuwa, bisa ga Romawa 13, sai ya nemi sanin abin da hukuma take bukata kafin ya yanke shawara. Kada kuma a manta da harshen gida. Tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bari yaro ya iya karanta shi da harshen da yake addu'a da shi.

Kada kowa ya ci bashi domin kwalin littattafai masu tsada. Susanna Wesley, matar wani fasto mai fama da bashi a ƙauyen Epworth na Ingila, ta koyar da 'ya'yanta a gida sa'a shida kowace rana. Takan fara koya wa yaro baƙaƙe da ya cika shekara biyar, littafin karatunsa na fari kuwa Farawa ne. Ta kafa doka kada a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai. Ta kuma keɓe wa kowane yaro lokacinsa cikin mako domin su yi magana su biyu; daren Alhamis na John ne, wanda daga baya ya zama uban ekklesiyar Methodist. Kayan aikinta kaɗan ne, amma ta san kowane ɗa nata.

Yawancinmu makaranta muke aika 'ya'yanmu, wannan kuwa ba laifi ba ne, gama Littafi bai kafa doka a kan ɗakin da za a yi karatu ba. Amma gwajin nan uku namu ne duka. Littafin da yaro ya kawo cikin jakarsa, da abin da yake kallo cikin waya, da darasin makarantar Lahadi, duk koyarwa ce, iyaye kuwa su ne masu tsaron ƙofa. Bari uba ya buɗe jakar ɗansa yau da dare, ya karanta shafi ɗaya tare da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Daniyel ya karɓi karatun Kaldiyawa amma ya ƙi abincin sarki? Mene ne misalin kowannensu a zamaninmu?
2. In ka sami kuskure cikin littafin da masu bi suka rubuta, yaya za ka bayyana wa ɗanka ba tare da raunana bangaskiyarsa ba?
3. Ta wace hanya ekklesiyarku za ta taimaki iyayen da ba su yi karatu mai zurfi ba su san abin da ake koya wa 'ya'yansu?

A rufe da addu'a bisa ga Yaƙub 1:5, ana roƙon hikima domin dukan iyaye da malamai.