An Ci Moriyar Ganga a Masar

Butulu iri-iri ne, amma mafi muni shi ne ɗan siyasar da mata suka yi wa ɗawainiya har ya hau kujera, sannan ya juya musu baya. Duk wanda ya taɓa ganin zaɓe ya san shi. Mata su cika layi tun asuba, wasu da goyo, ranar rabon muƙamai kuwa a ce musu su ƙara haƙuri.

Halin ba sabo ba ne, Huda Sha'arawi ta ɗanɗana kuɗarta a Masar. An haife ta a 1879, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga Ali Sha'arawi, wanda daga baya ya zama jigo a jam'iyyar Wafd mai neman 'yancin ƙasa. Da Turawan Ingila suka kori jagoran Wafd, Sa'ad Zaglul, zuwa tsibirin Malta a watan Maris na 1919, ƙasa ta rikice. Matan Alƙahira suka fito titi lulluɓe da mayafansu, sojoji suka tare su da bindigogi, suka sha rana tsaye na sa'o'i ba su watse ba. Huda na cikin waɗanda suka shirya fitowar. A 1920 aka zaɓe ta shugabar kwamitin mata na Wafd. A 1922 kuma, bayan an sake tura Zaglul gudun hijira, kwamitin ya tsaya kai da fata wajen ganin an ƙaurace wa kayan Ingila da bankunanta.

To, da me aka saka musu? An yi tsarin mulki a 1923, dokar zaɓe ta ce ƙuri'a ta maza ce kaɗai. A watan Maris na 1924 aka buɗe majalisa, Zaglul na firaminista, amma ba a gayyaci matan da suka yi gwagwarmayar ba, sai matan ministoci da na manyan jami'ai. 'Yan mata ɗalibai suka tsaya a bakin ƙofa riƙe da alluna.

Hausawa na cewa an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Da ganga ake tara jama'a, ita ke shan duka har taro ya yi armashi. Amma ko makaɗi ba ya jefar da ita sai fatarta ta fashe. Waɗannan mata kuwa da ƙarfinsu da basirarsu aka ajiye su gefe. Uzurin butulu kullum ɗaya ne, wai lokaci bai yi ba. Ranar da ake neman masu tsayawa gaban bindiga, wa ya ce musu lokaci bai yi ba? Ai ranar babu wanda ya tuna cewa mace mai rauni ce.

Huda ba ta zauna tana kuka ba. Tun 1923 ta kafa ƙungiyar matan Masar mai zaman kanta, a 1924 ta ajiye shugabancin kwamitin Wafd, ta mai da hankali ga ilimin 'ya'ya mata da gyaran dokokin aure. Ta rasu a 1947 ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Sai a 1956, shekara tara bayan rasuwarta, matan Masar suka sami wannan 'yanci.