Daga Ɗanɗano Zuwa Maye: Ina Iyakar Take?



A birnin Logronyo na ƙasar Sifen, kowace shekara ran 21 ga Satumba, ranar idin Waliyyi Matiyu, akan yi bikin girbin inabi. Akan tattake 'ya'yan inabin fari a gaban jama'a, a miƙa ruwansu ga Uwargida Maryamu don godiya. Da yamma sai mutane su cika wani ɗan lungu mai suna Laurel, wanda mashaya ke jere a cikinsa ƙofa bayan ƙofa. Al'adarsu ita ce kada a zauna wuri ɗaya: a nan a kurɓi ɗan kofi a ci 'yar loma, a gaba ma haka, har dare ya raba. Wannan shi ne yawon ɗanɗano.

Mu a ƙasar Karaye da Rogo ba mu noman inabi, amma wannan yawo ba baƙo ba ne a gare mu. Daga Turawa har ƙauyukan kan iyakar Katsina da Kaduna, idan kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, bukukuwa kan taso: aure, suna, Kirsimeti da sabuwar shekara. Tun kakanninmu Maguzawa, burkutu na cikin abin da ake karɓar baƙo da shi, da shi kuma ake sallamar 'yan gayya. Mutum kan fita gaisuwa gida gida, ko'ina a miƙo masa ƙoƙo, a ce, "Ɗan taɓa kaɗan." Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan babu gidan da ya sha fiye da ƙoƙo ɗaya, amma ya komo yana tangaɗi, a ina ya yi zunubi, kuma laifin na wane ne?

Da farko dai Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa ruwan inabi mugun abu ne a kansa ba. A Kana ta Galili, a wurin bikin aure, Ubangijinmu ya yi al'ajabinsa na fari da shi, kuma shi firist ke ɗagawa a bisa bagadi a kowace Misa. Abin da ta hana shi ne maye. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin tauhidi wanda ya rasu a 1274, ya bayyana dalili: hankali shi ne kyautar da Allah ya bambanta ɗan Adam da dabba da ita, da shi muke gane nagarta mu guje wa mugunta. Wanda ya san abin da ke hannunsa na bugarwa, ya san ya kai iyaka, ya kuma ci gaba da gangan, ya jefar da wannan kyauta da hannunsa, zunubinsa kuwa babba ne.

To, a nan ne yawon ɗanɗano ke da wayo. Wanda ya zauna gindin tulu ɗaya yana ganin yadda tulun ke raguwa, matar gida na gani, abokan zama na gani, wani ma zai iya ce masa ya isa. Mai yawo kuwa kowane gida sabon lissafi yake buɗewa. Gida shida sun ba shi ƙoƙo shida, kowannensu na ganin kaɗan ya bayar, ba kuma wanda ya yi ƙarya. Jimlar tana cikin cikinsa, ba mai shaidarta sai shi, shi ɗin ma abin da zai ƙirga da shi ne abin shan ke kashewa. Alƙalin da zai yanke hukunci shi aka fara ba cin hanci.

Jiki ma yana taimakon wannan ruɗi. Barasa ba ta nuna ƙarfinta nan take; takan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ta gama shiga jini, hanta kuma ba ta iya tace fiye da kimanin ƙaramin kofi ɗaya cikin awa guda. Saboda haka abin da aka sha a gida na fari sai a gida na uku zai yi magana, alhali an riga an ƙara biyu a kansa. Ga shi kuma yanzu ba burkutu kaɗai ake miƙowa ba. Akwai ogogoro da barasar leda, waɗanda ƙarfinsu ya ninka na burkutu sau da yawa. Ƙwararrun masu ɗanɗana ruwan inabi a Turai sun san haka, shi ya sa sukan kurɓa su tofar, don sun gane harshen da ya bugu ba ya rarrabe mai kyau da marar kyau.

Waliyyi Agustin, a cikin littafinsa na Ikirari, ya ba da labari biyu game da mahaifiyarsa, Waliyyiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa. Tana yarinya iyayenta kan aike ta ɗebo ruwan inabi daga randa. Sai ta riƙa taɓa shi da bakin leɓe, don ƙuruciya kawai. Kullum tana ƙara kaɗan, har ta kai ga shanye kusan cikakken kofi. Yau da gobe, in ji Hausawa, kan sa allura ta haƙa rijiya. Abin da ya cece ta shi ne gorin wata baiwa da suka yi faɗa, ta kira ta mashayiya. Maganar ta soke ta, ta daina daga ranar.

Labari na biyu ya fi kusa da zancenmu. Bayan ta tsufa ta bi ɗanta zuwa Milan a ƙasar Italiya, wajen shekara ta 385. Bisa al'adar ƙasarsu, takan zaga kaburburan shahidai da abinci da ɗan kofi guda na ruwan inabi da aka surka da ruwa, tana kurɓa kaɗan a kowane wuri. Mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya ce Bishop Ambros ya hana, har ga masu kamewa, domin kada mashaya su sami hujja. Monika ba ta yi gardama ba, ko da yake ita ba ta buguwa. Ta bar abin da ba ya cutar da ita saboda waɗanda yake cutarwa.

Wani zai ce ƙin karɓar ƙoƙo raini ne ga mai gida, zumunci kuma a ƙafa yake. Gaskiya ne, ziyara aikin ƙauna ce, kada a bar ta. Amma ƙaunar da ke mai da baƙo gida ba ya gane hanya, ko ya hau babur da yaro a baya, tana bukatar gyara. Wata kuma za ta ce da kuɗin burkutu take biyan kuɗin makaranta. Wannan ma ba abin raini ba ne. Sai dai a tuna, dawar da aka jiƙa aka yi tsiro da ita a watan Disamba ita ce tuwon da za a nema a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Kada kuma mu ɗauka doka ta ɗauke mana wannan nauyi. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka hana sayar da barasa, a watan Nuwamba na 2013 kuma Hisba ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Wajibi ne Kirista ya girmama hukuma, ya kuma kiyaye kada ya zama abin tuntuɓe ga maƙwabtansa Musulmi. Amma kamewa da ake yi don tsoron kamu takan ƙare a inda idon hukuma ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Yawancinsu da kurɓi ɗaya suka fara.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, zunubin mai yawo yakan fara ne tun a ƙofar gidansa, sa'ad da ya fita ba tare da ya sa wa kansa iyaka ba, alhali ya san halinsa. Tun ran gini, tun ran zane. A yanke ma'auni da safe, lokacin da hankali ke cikakke, a kuma gaya wa abokin tafiya don ya zama shaida. Wanda ya san ƙoƙo ɗaya na jawo masa goma, nasa ma'aunin shi ne kada ya taɓa ko kaɗan. Masu gida kuma suna da nasu rabo: a tanadi kunun zaƙi da zoɓo, idan baƙo ya ce ya gode, a karɓi maganarsa ba tare da zolaya ba. Katikis da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su fara nuna gurbi, gama yara na kallo.

Bari Waliyyiya Monika ta yi roƙo dominmu, bukukuwanmu su ƙare da godiya kamar yadda suka fara. Amin.