Hukuncin Barin Yaro Mai Ciwon Zuciya Na Haihuwa Ya Buga Ƙwallo

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina da ɗa mai shekara 12. An haife shi da huji a zuciya, aka yi masa aiki yana shekara 4, yanzu ya miƙe, yana zuwa makaranta. Amma mahaifiyarsa ta hana shi ƙwallo da keke, ko bokitin ruwa ba ta bari ya ɗauka, har ta ce in ya buga ƙwallo ba ta yafe ba. Kullum da la'asar sai ya zauna a bakin fili yana gadin takalman abokansa. Tausayinsa nake ji, amma in na tuna yadda ɗan ƙwallo Samuel Okwaraji ya faɗi a fili sai gabana ya faɗi. In na bar shi, na jefa shi ga halaka ke nan? In wani abu ya same shi, alhakin yana wuyana?

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya raya maku shi.

Motsa jiki asalinsa halas ne, har yana zama abin so in an yi shi da niyyar ƙarfafa jiki don ibada da neman halas. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta riga shi a na farko, ya riga ta a na biyu. Abin da yake halas ba ya koma haram don tsoro kawai. Yana komawa haram ne in cuta ta tabbata, ko zato ya rinjaya cewa za ta auku.

To wa yake tabbatar da wannan? Ba ni ba ne, ba kai ba, ba kuma mahaifiyarsa ba. Malamanmu na Malikiyya, da suke bayanin wanda zai bar alwala ya yi taimama ko ya ajiye azumi don tsoron ciwo, sun ce ana dogara ne da abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko maganar likita masani, ko da ba Musulmi ba ne in ba a samu Musulmi masani ba. Wannan ma'aunin ne za mu ɗauko a nan. Kuma likitan da nake nufi shi ne likitan zuciya da ya duba yaron kwanan nan, ya ɗauki hoton zuciyarsa, ya auna bugunta, in da hali ya sa shi gudu a kan na'ura yana kallon yadda take ɗaukar nauyi. Maganar da aka faɗa maku ranar sallama daga asibiti shekara 8 da suka wuce ta tsufa, ta mai kyamis kuwa ba ta shiga lissafi.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne, ciwon zuciya na haihuwa suna ɗaya ne da ya rufe cututtuka da yawa. Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wani nau'insa. Mafi yawa shi ne huji tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, wani ƙarami ne har yakan toshe da kansa, wani sai an yi aiki. Wanda aka toshe masa, kuma bai bar masa hawan jini na huhu ko rikicewar bugun zuciya ba, galibi likitoci kan sake shi ya yi wasa kamar kowa. A 2013 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da bayani tana kwaɗaitar da masu wannan ciwo, yara da manya, su riƙa motsa jiki, domin an lura ana killace da yawansu ba tare da dalili ba. Ka tuna da Okwaraji, wanda ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 a wasan Nijeriya da Angola. Ka tuna kuma da Nwankwo Kanu: a 1996 likitocin Inter Milan suka gano lahani a marfin babbar jijiyar zuciyarsa, aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya dawo fili, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Abin lura a labarin Kanu shi ne an bincika, an gano, an gyara, sannan aka ce ya koma.

Ayar da kake tsoro, mai hana jefa kai ga halaka, ta 195 a Suratul Baƙara, gaskiya malamai suna kafa hujja da ita a kan haramcin kai kanka inda cuta take. Amma dubi yadda Abu Ayyubal Ansari ya bayyana sababinta: ta sauka ne a kan Ansar lokacin da suka yi niyyar zama gida su kula da dukiyarsu, su bar ciyarwa da fita saboda Allah. Halakar da aka fara nufi ke nan ta zama ce, ba ta fita ba. Ba na cewa ƙwallo jihadi ne, Allah ya tsare. Ina cewa ne zama ma yana da tasa cutar. Yaron da aka killace yakan yi ƙiba, gaɓɓansa su yi sanyi, zuciyar da ake tattali ta ƙara rauni. Ga kuma ciwon da ba ya fitowa a hoto: ɗan shekara 12 yana rungume da silifas ɗin tsaransa, yana bin ƙwallo da ido, yana koyon cewa shi ba cikakken mutum ba ne. Yaro amana ne, kuma kare shi daga wannan ma yana cikin amanar.

Saboda haka hukuncin yana bin abin da likita ya gani. In ya ce babu abin da zai hana, barin yaron halas ne, hana shi kuwa tauye haƙƙi ne. In ya yanka masa iyaka, misali tafiya da keke da wasan unguwa amma ban da gasa, tsayawa a iyakar wajibi ne a kanka. Akwai kuma waɗanda wasa mai tsanani haram ne a bar su su yi: mai hawan jini na huhu, mai matsanancin ƙuncin marfin jijiya, wanda babbar jijiyarsa ta buɗe fiye da kima, da mai rikicewar bugu da ba a shawo kanta ba. Wanda yake shan maganin tsinka jini irin wafarin, ko aka sa masa batir a ƙirji, ya nisanci dambe da kokawa da duk wasan da ake gwabzawa. Ko waɗannan ma da wuya a ce su kwanta kawai, yawanci akan ba su tafiya a hankali.

Ko an ba shi izini, akwai alamomin da in sun bayyana tsayawa ta zama dole nan take, a koma asibiti: suma ko jiri, ciwon ƙirji, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, haki fiye da na tsaransa, ko leɓe da farce su yi shuɗi. In ka ga yana yawan tsugunawa a tsakiyar wasa, kada ka ce lalaci ne, wasu masu wannan ciwo da haka suke samun sauƙin numfashi. Ka koya masa cewa fita daga fili in ya gaji ba abin kunya ba ne. Ka sanar da malamin wasanninsu halin da yake ciki, domin ɓoye ciwon don kada a cire shi daga ƙungiya ha'inci ne, kuma nan ne alhaki yake. Ya guji tsakar rana a watannin zafi, ya sha ruwa. In ya fara azumi, wasan ya koma bayan buɗa-baki, azumin kansa ma a tambayi likita tukuna.

In ka bi waɗannan matakai sannan Allah ya ƙaddara wani abu, babu zunubi a kanka, ajali ne. Zunubi yana kan wanda aka gargaɗa ya yi kunnen uwar shegu.

Maganar mahaifiyarsa kuwa, a bi ta a hankali. Ita ta kwana a bakin gadon asibiti, ita take ganin tabon ɗinkin nan a ƙirjinsa kullum, tsoronta ba abin zargi ba ne. Kada ka ba yaron izini a ɓoye, domin ka koya masa saɓa wa uwa ke nan, kuma ka haɗa ta da shi. Ka ɗauke ta ku je wajen likitan tare, ta yi tambayoyinta da bakinta, ta ji amsa da kunnenta. In likita ya yarda, ina roƙon ta don Allah ta janye wannan kalma ta rashin yafewa a gaban yaron, ta sa masa albarka, domin ba ya halatta a ɗaure ɗa da fushin uwa a kan abin da yake maslaharsa. Kafin nan, ya ci gaba da bin umarninta, kai kuma ka riƙa fita da shi tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, daidai yadda ba zai yi haki ba.

Allah ne mafi sani.