A Sauke Tocilar Goshi Kafin A Hau Titi

Wata ɗabi'a ta shigo wa masu keke a garuruwanmu, kuma tana yaɗuwa da sauri saboda araharta. Mutum zai sayi tocilar nan mai caji da ake ɗaurawa a goshi, irin wadda maharba da masu kamun fara da 'yan sintiri suke amfani da ita, ya ɗaura a kan hularsa, ya haye keke bayan isha'i ya kutsa cikin motoci da A Daidaita Sahu, yana ganin ya cika sharaɗin fitila. Bai cika ba. Ya ɗauko wa kansa da mutanen da ke kan hanya wani sabon hatsari ne, kuma ya kamata a faɗa masa tun kafin a kwashe shi a bakin kwalta.

Tocilar goshi an yi ta ne don mutum ya ga abin da yake kallo, shi ya sa duk inda ka juya kai haske ya bi. A daji ko a gona wannan ni'ima ce. A kan titi kuwa, me mai keke ya fi kallo? Motar da ke tahowa. Da ya ɗaga kai don ya tabbatar direba ya gan shi, sai ya zuba wa direban farin haske a tsakiyar ido. Wato a daidai lokacin da ya fi bukatar mutumin nan ya gani da kyau, a lokacin ne ya makantar da shi. Idon da ya saba da duhu, in haske mai ƙarfi ya buge shi, yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo hayyacinsa, kuma na dattijo ya fi na matashi jinkiri. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku kacal direba ya yi bai gani, ya shafe mita 50 a makance, kuma cikin wannan tazara akwai yarinya mai tallar da ke tsallaka titi, akwai mai tura baro, akwai kai kanka.

Direbobi sun san wannan tun da daɗewa. Kowa ya san zagin da ake sha idan an ƙi yin dim. Fitilar mota ta ƙasa an ƙera ta ne da iyaka a sama: haskenta yana yankewa a wani layi, kuma ana ɗan karkatar da ita ƙasa, kamar santimita 10 a kowace mita 10, don ta haska kwalta ta bar fuskar mutane. Tocilar goshi ba ta da wannan iyaka. Haskenta dunƙule yake fita, sama da ƙasa daidai, daga tsayin da ya kai ko ya wuce idon mai tuƙin ƙaramar mota. Mai ita yana tafe ne da ful a kunne, ba shi da makunnin dim.

Sai kuma ɓacewa. Ka iso mahaɗa, ka waiga hagu don ka duba hanya. Haskenka ya tafi hagu tare da kai, direban da ke fitowa ta dama bai ƙara ganin komai ba sai duhu. Ka sunkuya ka duba sarƙa, ka ɓace wa kowa. Fitilar da aka ɗaure a kan keke tana nan inda keken ya nufa, kuma daga tsayinta da yadda take tafiya a miƙe direba yake gane cewa abin hawa ne, ya ƙiyasta nisansa da saurinsa. Hasken da ke rawa a sama, yana lilo dama da hagu, direba zai iya ɗaukarsa mai tafiya a ƙasa ne a gefen hanya, ya yi lissafin da bai dace ba.

Masu wannan tocila sukan ce, "Ai ta fi haske, ina ganin hanya tar." Ko a nan ma an cuce su ba su sani ba. Rami da tudu da dutse, inuwarsu ce take tona su. Idan haske ya fito daga kusa da idonka, inuwar kowane abu tana faɗawa bayansa ne inda ba ka ganinta, sai hanya ta yi maka kamar shimfiɗaɗɗiya, har tayar gaba ta faɗa ramin. Fitilar da ke ƙasa, a kan keke ko saman tayar gaba, tana ja wa kowane rami doguwar inuwa, ka hango shi daga nesa. A lokacin hunturu abin ya fi muni. Hazo da ƙurar da motoci ke tayarwa suna maido da haske cikin idon mai shi, ya ga farin labule a gabansa. Dalilin da ya sa ake maƙala fitilar hazo ta mota can ƙasa kusa da bamba ke nan.

Ƙasashen da keke ya yi yawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan. A Ingila, dokar fitilun ababen hawa ta 1989 ta wajabta wa mai keke farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma a jikin keken ake nufi. Wadda ke kan hular kwano ƙari ce kawai, ba ta maye gurbi. Jamus ta fi tsanani: fitilar keke sai an amince da ƙirarta, mai haske da iyaka a sama kamar ta mota, don kada ta kashe idon mai tahowa. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968 ma ta ambaci abin da keke zai ɗauka: birki, ƙararrawa, jan abu mai ƙyalli a baya, da abin nuna farin haske ko rawaya a gaba da ja a baya. Iyayenmu da suka hau Rali da Fonis ba su karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma kekunansu da danamo suke zuwa, mai gogar taya ya kunna fitilar gaba da ta baya lokaci guda. Haskenta rauni gare shi, in ka tsaya ma mutuwa yake, amma yana inda ya dace.

Fitilar bayan nan ita ce babbar asarar da tocilar goshi ta jawo. Mutum ya ga haske a gabansa, hankalinsa ya kwanta, ya manta bayansa baƙi ƙirin yake. Tirelar da ke biye da kai ba ta ganin abin da ke goshinka. Ga riga mai duhu, ga buhu a kariya ya rufe ɗan jan madubin bayan da ya rage, in ma bai daɗe da karyewa ba.

Gyaran ba shi da tsada. Farar fitila a ɗaure a kan keke, ja a ƙarƙashin sirdi ko a ƙarshen kariya inda kaya ba za su rufe ta ba. Bayan an ɗaura ta gaba, a jingine keken a matsa taku goma sha biyar a tsuguna a dube ta. In ta soki ido, a ƙara sunkuyar da ita. Wanda ba shi da kuɗin sabuwa, ya cire tocilar daga goshinsa ya ɗaure ta a kan keken da robar tsohon tub, bakinta na kallon ƙasa, ya sa ta a ƙaramin haske. Kada a sa ta a mai walƙiya cikin duhu, domin wannan ya fi komai rikita mai tahowa. Ta goshi a bar ta a aljihu don ranar faci ko ranar da sarƙa ta zame, ko don hanyar gona inda ba ka haɗuwa da kowa.

Masu gyaran keke su ma akwai nasu a ciki. Duk keken da ya zo faci ba fitila, ba jan madubi a baya, a faɗa wa mai shi ko da zai ji haushi. Uban da ke aiken yaro da keke bayan magariba, ya zagaya bayan keken ya duba da idonsa kafin yaron ya fita daga zaure.