Ina Iri Ya Ke Fitowa?



Wanda ya ratsa ƙasar Bodinga da Shagari da ɗari, ya bi ta Danchadi, zai ga lambunan albasa kore shar. Bari mu tsaya a bakin lambu mu yi tambaya guda: ina iri ya ke fitowa?

Akwai wani ganye na Turai, dangin kabeji, Jamusawa suna ce da shi kolrabi. Gindinsa ya kan kumbura a bisa ƙasa kamar dunƙulen hannu, a fere shi a ci ɗanye, ko a sa a miya. Cikin wata biyu ya isa ci. Amma ba ya yin fure sai ya sha dogon sanyi irin na ƙasarsu, ya shiga shekara ta biyu. Ɗarinmu bai kai nan ba. Domin haka wanda ya shuka shi, ko kabeji ɗan'uwansa, ya ci ya ƙoshi, baɗi sai ya sake sayen iri cikin 'yar takarda daga wata ƙasa. Ran da takarda ba ta zo ba, lambu ya mutu.

Mai albasa ba haka ya ke ba. Sa'anda ya cire amfaninsa, ya kan zaɓi manya masu kyau, waɗanda za su fi kawo kuɗi, ya ajiye. Da shigowar ɗari ya mai da su ƙasa. Su yi tsiri, su yi farin fure, ƙudan zuma su bi su, kana baƙin iri ya fito. Uwar kuwa ta lalace, ba ta ciwuwa. Irin nan kuma ba ya jimre ajiya. Bayan shekara ƙarfinsa ya ragu. Tilas kowace shekara a sake.

Littafin Farawa ya nuna mana Allah ne ya sa wa kowane tsiro irinsa a cikinsa. Ubangiji Yesu kuma, cikin Yohanna sura 12, ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar alkama wadda sai an binne ta kana ta yawaita. Ashe iri daga abin da aka hana wa baki ya ke fitowa.

To, ekklesiyarku fa, kolrabi ce ko albasa? Kun ci Maganar Allah kun ƙoshi, madalla. Amma mai-wa'azin da za ya tsaya gabanku bayan shekara goma, daga ina za ya zo? Har yanzu kuna duban hanya, ko wani za ya aiko muku? Bulus bai ce wa Timoti ya jira baƙi ba. Ya umurce shi ya danƙa koyarwa ga amintattu na wurin, su kuma su koya wa waɗansu.

Kai uba, ɗanka wanda ya fi hankali, shi ka ke so ya zama mai-kuɗi. Na sani, gama shi ne babbar albasarka. In Ubangiji ya kira shi makarantar Littafi Mai-tsarki, kada ka hana. Ke uwa, koya wa 'ya'yanki addu'a tun suna goye. Manomin kirki, ko yunwa ta matsa masa, ba ya dakan irinsa.

Allah ya ba mu zuciyar ajiye iri. Amin.