Biyayya: Hali Ko Tsani?

A shekarar 1966 wani Ba'amurke mai suna Robert LeVine, malami a Jami'ar Shikago wanda ya haɗa nazarin al'adu da ilimin halayyar ɗan Adam, ya fitar da wani ɗan littafi a kan Nijeriya mai suna Dreams and Deeds, wato Mafarkai da Ayyuka. Abin da ya yi kuwa shi ne, ya sa ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, Hausawa da Yarabawa da Ibo, kowa ya rubuta mafarkin da ya yi. Sa'an nan aka zauna ana tankaɗe mafarkan nan, ana neman inda yaro ya ga kansa yana fafutukar cim ma wani buri, ko yana ƙoƙarin ya fi wani gwaninta. Dabarar ta samo asali ne daga aikin David McClelland na Jami'ar Harvard, wanda a 1961 ya yi da'awar cewa arzikin al'umma yana bin yawan himmar neman ɗaukaka da ke cikin zukatan 'ya'yanta. Da aka gama lissafi sai ga Ibo a sama, Yarabawa a tsakiya, mu kuwa a ƙasa. Bayan mafarkin kuma an sa ɗalibai rubuta insha'i a kan wane ne mutumin da ya ci nasara a rayuwa, kuma ta yaya yaro zai zama irinsa. To, a nan ne 'ya'yan Hausawa suka ɗara kowa wajen ambaton biyayya da bin na gaba.

Mun san abin da zuciyar mai karatu ta raya masa, domin mu ma haka tamu ta raya mana da farko. Hausawa 65 ne kacal a cikin waɗanda aka auna mafarkinsu. Yaron da aka rena da kunya kuma ba lalle ne ya zazzage wa baƙo abin da ya gani cikin barci ba. Ga shi littafin da ya jera ƙabilu wani a kan wani ya fito ne a shekarar da jini ya kwarara a Sabon Garin Zariya da sauran garuruwan Arewa. Duk wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma bai isa ya sa mu rufe littafin ba.

Dalili kuwa, LeVine bai ce biyayya a jininmu take ba. Ya ɗauko bayaninsa ne daga binciken M. G. Smith, mutumin Jamaika da ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma wallafa littafinsa a kan sarautar Zazzau a 1960. Smith ya nuna yadda gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suke neman gadon sarauta, da yadda sabon sarki kan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa 'yan uwansa da barorinsa. A irin wannan tsari, wanda ke son ya tashi sama sai ya nemi ubangida, ya riƙe shi gam, yi na yi, bari na bari, yana fatan ranar da rawani zai faɗo gidansu. Uban da ya san haka tsanin yake, dole ya koya wa ɗansa yadda ake hawansa. Wato abin da LeVine ya auna shi ne darasin da gari ya koya wa yaro, kuma yaron ya haddace shi sarai. Mutumin bai tsaya nan ba, ya dawo a wajen 1969 ya yi aiki da sashen binciken renon yara na Jami'ar Ahmadu Bello, yana bin sawun yadda hali ke kafuwa tun daga goyo.

Tambayar da ta dame mu ke nan. In biyayya tsani ce, shin tana nan a matsayin halin kirki? Mu ɗauki yaron kanikanci a wani gareji a Jushi, ko yaron shago a kasuwar Sabon Gari. Shekara da shekaru yana share wuri, ana aikensa, ana yi masa tsawa yana sunkuyar da kai. Wani yana yi ne don ya san maigidansa ya fi shi sanin inji, kuma ilimi ba ya shiga kan da ya ƙi sunkuyawa. Wani kuwa yana ƙirga kwanaki ne, yana faɗa wa kansa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Daga waje ba mai iya bambanta su, ko maigidan nasu. Sai ranar da aka sallame su, kowa ya buɗe wurinsa ya ɗauki nasa yaran, a nan za a ga wanda ya koyi sana'a da wanda ya koyi tsawa.

Nan ne maganar ta taɓo shugabanci. Malam Bahaushe ya ce hali zanen dutse, masanan Turai da Amurka ma sun daɗe suna neman zanen da ake gane shugaba da shi, har Ralph Stogdill ya tattara binciken da aka yi a 1948, ya ce halaye kaɗai ba su mai da mutum shugaba, sai an duba mutanen da yake ja da yanayin da suke ciki. Mu abin da muke gani a nan gida ya fi wannan tsauri. Mutumin da ya hau tsani bai taɓa cewa a'a ba, in ya kai ƙoli ba ya iya jin a'a. Bai san yadda ake musu cikin mutunci ba, don bai taɓa gwadawa ba, saboda haka duk wanda ya ja da shi maƙiyi ne, duk wanda ya ce ranka ya daɗe masoyi ne. Haka fada ke cika da mutane, gaskiya kuwa ta rasa wurin zama.

Kada a ɗauka muna kiran yara su yi wa manya tsageranci. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horon ma'aikatan mulki da ke Kongo, ya wallafa laccarsa a kan mutumin kirki a 1974, inda ya jero halaye goma da Bahaushe ke yabo, cikinsu akwai ladabi da kunya da haƙuri, akwai kuma gaskiya da amana da adalci. Jerin ya yi kyau, amma wahalar tana ranar da ladabi ya ce yi shiru, gaskiya ta ce yi magana. Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya ta kuma rasu a 2001, ta sha zaɓar magana, ta kuma sha ɗauri da duka a kan haka. A cikin garin da Smith ya bayyana tsarin barancinsa ta tashi. Ma'aunin LeVine bai gan ta ba, domin maza kaɗai ya tambaya.

Mu marubuta fa, ina muka tsaya? Mu duba taurarin littattafanmu. Yaro maraya ne, mai ladabi, ya yi ta haƙuri da wulakanci har wani Alhaji ya lura da shi, ya ba shi jari, ya aura masa 'yarsa. Wannan ita ce insha'ar da 'yan makarantar can suka rubuta wa LeVine, mun ƙara mata soyayya ne kurum da bango mai launi. Da wuya mu ƙago tauraron da ya ce wa mai taimakonsa, cikin ladabi, Alhaji wannan ba daidai ba ne, sa'an nan mu bi shi mu ga abin da ya rasa da abin da ya rage masa. Wataƙila abin da ke hana mu shi ne ranar ƙaddamar da littafi, ranar da muke tsayawa a bakin zauren taro da sabuwar riga, muna leƙen hanya ko motar babban mai ƙaddamarwa ta iso, jawabin godiyarmu na cikin aljihu, mun riga mun rubuta shi tun kafin mu san nawa zai bayar.