Zafin Ciwo da Maganinsa: Ina Jinƙai Ya Ƙare, Ina Bauta Ta Fara?

A gidaje da yawa na masu bi akwai tsoro iri biyu da suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Na fari shi ne ganin tsohuwa tana nishi dare da rana domin ciwon daji ya ci jikinta. Na biyu shi ne ganin saurayi ya shigo gida harshensa ya yi nauyi, ƙwayoyi cike da aljihunsa. Abin da yake ɗaure kai kuwa, maganin da likita zai rubuta wa tsohuwar da ƙwayar da take aljihun saurayin 'yan gida ɗaya ne. Saboda haka dole a yi tambaya: yaushe kashe zafin ciwo yake zama jinƙai, yaushe kuma yake zama bauta?

Kafin a amsa, ya kamata a san abin da zafi yake. Idan ƙaya ta soki ƙafa, jijiyoyi sukan ɗauki labari su kai wa lakar da take cikin ƙashin baya, ita kuma ta miƙa shi ga ƙwaƙwalwa. Sai a can ne mutum yake sanin ya ji ciwo. Zafi mai gadi ne da Mahalicci ya sa a bakin ƙofar jiki. Dokta Paul Brand, likitan mishan wanda ya yi aiki cikin masu fama da kuturta a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da suke lalacewa ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba. Cutar tana kashe jijiyoyin ji ne, sai mutum ya ƙone ko ya taka ƙusa bai sani ba, miki ya ruɓe. Ashe rashin jin zafi gaba ɗaya masifa ce.

Amma mai gadi yakan yi ta ihu bayan an riga an ji shi. Wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila a lokacin da ciwon ya tashi, da mai ciwon daji da ya kai ga ƙashi, duk sun riga sun sami labari. Ihun da ya rage ba ya tsare su daga kome, sai dai ya hana su barci da cin abinci da addu'a. Domin irin wannan ne aka nemi magani. Wajen shekara ta 1805 wani mai harhaɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ƙaron ofiyom. Kodin ma daga nan ya fito. Tiramadol kuwa a ɗakin bincike aka haɗa shi, aka fara sayar da shi a Jamus a 1977. Dukansu suna zuwa su zauna a wasu gurabe a laka da ƙwaƙwalwa, su rage ƙarfin saƙon zafi. A 1975 masana a Aberdeen suka gano cewa jiki da kansa yana yin sinadarai masu zama a waɗannan gurabe. Wato likita bai ɓalle ƙofa ba, ya bi ta ƙofar da take nan tun halitta.

Duk da haka akwai masu bi na kirki da suke ɗari-ɗari, kuma hujjarsu ba ta raini ba ce. Sukan ce wahala tana koya haƙuri, su kuma tuna cewa a Markus 15:23 an miƙa wa Almasihu ruwan inabi gauraye da mur, wanda masu fassara da yawa suke ganin abin rage raɗaɗi ne, amma bai karɓa ba. Gaskiya ne. Sai dai shi ya zaɓi haka da kansa, domin aikin fansa wanda ba a ɗora wa wani ba. Bai taɓa tarar da mara lafiya ya ce masa ya ƙara jimrewa ba. Basamariyen da ya yaba a Luka sura 10 mai da ruwan inabi ya zuba a raunukan wanda aka yi wa fashi, sa'an nan ya biya kuɗin jinya. Mutum yana iya zaɓa wa kansa jimrewa, amma wanda yake tsaye a gefen gado da lafiyarsa ba shi da ikon zaɓa wa na kwance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsoro na biyu shi ne cewa mofin yana gaggauta mutuwa, ko ya mai da mara lafiya ɗan maye. A nan aikin Cicely Saunders ya ba da haske. Ita ma'aikaciyar jinya ce da ta zama likita, mai bi ce kuma, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967. Ta nuna cewa idan aka ba da mofin ta baki, da awo, a kan lokaci, ba a jira sai zafi ya dawo ba, mara lafiya yakan zauna cikin hankalinsa, ya yi hira da iyalinsa, ya shirya gidansa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da masu sauƙi irin farasitamol, a hau zuwa kodin, sa'an nan mofin idan zafi ya ƙi. A 1993 Dokta Anne Merriman ta kafa irin wannan hidima a Yuganda da ruwan mofin mai araha. Likitan da yake auna magani domin rage azaba, da wanda yake ba da shi da nufin kashewa, niyyarsu dabam, awonsu ma dabam.

Amma ba a banza iyaye suke tsoro ba. Gurbin da yake rage zafi yana kuma kawo wani irin daɗi, kuma jiki yakan saba, ya nemi ƙari. In an zarce, numfashi yakan yi ƙasa har ya tsaya, musamman in an haɗa da giya ko maganin barci. Tiramadol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar abin da likita yakan ba babban mutum a yini ɗaya miligiram 400 ne, amma a kasuwar bayan fage ana sayar da ƙwaya ɗaya mai 225, wani kuma ya watsa uku ko huɗu a baki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Wani babban rahoto da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rabawa domin jinya. Wato ƙwaya ta yi yawa a tasha, ta yi ƙaranci a gadon asibiti. Mai sikila yakan je yana birgima, a dube shi da zargi. Wannan ma laifi ne, ko da yake ba a kama kowa a kansa.

To, da me za a auna? Ba da sunan maganin ba, sai da inda yake kai mutum. Tsohuwar da aka ba mofin ta sami barci, ta tashi ta sa wa jikokinta albarka, magani ya komo da ita ga mutanenta. Ɗan acaba ko mai haƙar kuza da yake shan ƙwaya domin kada ya ji gajiya, ya ɗaure bakin mai gadi ne alhali ɓarawo yana cikin gida. Jikinsa yana neman hutu, zuciyarsa tana kukan rashin aiki ko kaɗaici, shi kuwa ya ƙi ji. Kowace ƙwaya tana ƙara nisanta shi da gidansu, har ya sayar da buhun masarar uwarsa. Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 6:12 ya ƙi yarda wani abu ya mallake shi, ko da halal ne. Maganin da yake bauta wa mutum alheri ne; wanda mutum yake bauta wa ya zama ubangiji na biyu.

Wannan ma'auni yana ɗora wa iyali nauyi. Kada a ɓoye wa mara lafiya maganin da likita ya rubuta don tsoron surutun maƙwabta. Kada kuma a miƙa ragowarsa ga wani, ko a bar shi inda yara za su kai hannu. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya, likita ne zai rage masa sannu a hankali. Saurayin da ya riga ya faɗa kuwa, duka da ɗauri da sarƙa ba sa warkar da jijiyoyin da suka saba. Yana bukatar asibiti, da addu'a, da gidan da bai rufe masa ƙofa ba.

Ikilisiyar da take wa'azi a kan shaye-shaye ta yi daidai. Za ta cika aikinta ne sa'ad da dattawa da zumuntar mata suka shiga ɗakin mai ciwon ajali suka tambaya ko ya sami maganin zafi, da irin himmar da suke tambayar saurayi abin da yake aljihunsa. Su biyun duka masu ciwo ne, jinƙai ɗaya kuma suke jira.